Yadda na kafa wa karena shinge a kan daben kankare

Karen nan nawa tun bai cika shekara ba ya koyi yawo, kana buɗe ƙofa kamar dama jira yake, shi ya sa na ce bari in keɓe masa gefe ɗaya na tsakar gida da shingen waya. To amma wajen duk kankare ne, ba inda zan haƙa rami in binne ƙarfe. Da farko har murna na yi, na ce ko ba komai dai ba zai tona ƙasa ya fice ta ƙarƙashi ba. Wannan kam haka ne, ashe wahalar tana gindin ƙarafan.

Na sa mai walda ya lika wa kowane fayif farantin ƙarfe mai huji huɗu a ƙasa, sai ni kuma da wayona na ɗaure su da ƙananan sukurori masu shiga cikin roba, irin na rataye abu a bango, kuma dab da bakin daben don kar in yi asarar fili. Sati bai cika ba ya miƙe da ƙafafun gaba ya jingina da ragar yana haushi, sai ji na yi ƙas, gefen kankaren ya ɓantare, fayif ya kwanta. Sai a lokacin na gane dogon ƙarfe kamar sandar ɓanɓaro yake, ɗan turin da aka yi masa a sama ninkuwa yake kafin ya iso gindi.

Zagaye na biyu na natsu. Na sayo bol na kankare mai kaurin milimita 10, wanda in kana ɗaure notin gindinsa ke buɗewa ya kama cikin ramin, na kuma ja baya daga baki da santimita 15 saboda wannan buɗewar ce ke fasa gefe. Na fara huda waje ɗaya don in san kaurin daben, na tarar wajen santimita 10 ne, sai na naɗa salatif a bakin dirilar daidai santimita 7 don kar in zarce in faɗa yashi. Dirila kuma sai mai duka, ta katako wahalar banza ce. Abin da na so in raina shi ne ƙurar cikin ramin, wallahi in ba ka fitar da ita ba bol ɗin ba ya kaiwa ƙasa, ni da famfon keke da tsohon buroshin haƙori na yi ta fama. Sau biyu na ci karo da rodi, dole na matsar da farantin gaba ɗaya. A kusurwa ɗaya da ba yadda zan yi in guje wa baki, gam ɗin nan na kafa bol na matsa a ramin na soka ƙarfe mai zare, shi ba ya tura kankare gefe.

Tsayi mita 1.8 na yi, tsakanin fayif da fayif mita 2. Raga na ɗauki wadda aka haɗa da walda mai ƙananan ido, don wadda ake saƙawa ɗin nan tana lanƙwasa kuma kare mai wayo tsani yake mayar da ita. Ƙasan ne ya ci min lokaci, daben yana da gangara saboda ruwa, ta wani gefen ragar ta zauna daram ta wani kuma hannuna na shigewa, shi kuwa duk inda hancinsa ya shiga sai ya gwada kansa. Na shimfiɗa ƙarfe a kwance na ɗaure ragar a jiki, na bar kamar yatsa biyu ruwan wanki ya samu hanya.

Wata uku da gamawa na ga tsatsa a gindin fayif biyu, daidai inda yake ɗaga ƙafa ya yi fitsari, na kankare tsatsar na shafa jan fenti. Da na sani mai rufin zinki na saya tun farko. Sakatar ƙyauren ma ya gano yadda ake ture ta da hanci, da idona na gan shi ta taga, yanzu ƙugiya nake maƙalawa a jiki.