Da ƙarfe nawa ka zo?

Juma'ar nan zan miƙa makullin ofis, bayan shekara takwas a sashen ba da izinin gini. An ce in rubuta wani abu don yaran da aka ɗauka bana. To, ga shi, ko da yake kusan duka a kan fayil ɗaya ne, wanda duk wanda muka zauna tare a bene ya sani.

Wani kulob ne ya nemi izinin fasa katangarsa ta baya ya buɗe ƙofa ta biyu, wai babbar ƙofar da ke kan titi tana haddasa cunkoso. Sabuwar ƙofar za ta faɗa cikin wani layi da ba ya ɓullewa, gida sha huɗu, masallaci a bakinsa, Islamiyya a tsakiya. Oga ya kira ni ya ce, "Ka leƙa wurin, gobe nake son rahoto. Ai taswira ta riga ta nuna hanya ce." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na je ranar Talata da hantsi, na auna faɗin layin har da kwata, na ga mota biyu za su iya giftawa. Babu kowa sai akuya da mai sayar da ruwa. Na rubuta cewa ba matsala, na sa hannu.

Wata biyu da buɗe ƙofar, layin ya koma tashar mota. Kulob na ba da hayar zaure don biki, kuma masu biki da dare suke zuwa. Ana tashin yara daga Islamiyya, motoci na shigowa. Wasu su toshe ƙofar gidan mutum har ɗayan dare. Kwalbatin bakin layi ya rufta a ƙarƙashin motar kawo lemo. Mutanen layi suka kafa ƙarfe suka tare hanya, kulob ya turo lauya.

Lauyan ya ce hanya ta gwamnati ce, tunda Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka ba mai ikon tare ta. Bai yi ƙarya ba. Sai dai aikinmu bai tsaya a kan wanda ya mallaki hanya ba. Layin da aka tsara don gida sha huɗu, in ka jingina masa zauren biki, ka canza amfaninsa ko da ba ka taɓa ƙasar kowa ba. Wannan shi ne abin da aka koya mana tun a aji, lokacin da muke haddace dokar tsara birane ta 1992, kuma shi ne na manta.

A zaman sulhu, mai unguwa bai ɗaga murya ba. Ya juya rahotona, ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ƙarfe nawa ka zo?" Na rasa bakin magana. Nan take oga ya ce shi ma abin da yaro ya kawo masa ya gani. Yaro! Mutumin da ya ba ni kwana ɗaya, wanda daga baya na ji cewa a kulob ɗin yake buga ƙwallon tebur duk Asabar. Ni na sha takardar tuhuma, ƙarin girmana ya makara shekara biyu. Shi kuwa har an yi masa walimar ritaya, na kuma ba da gudummawata.

Laifina ne, ban musa ba. Amma ba ni kaɗai ba.

Tun daga nan ba na rubuta rahoton hanya sai na je wurin sau uku, ciki har da bayan Magariba da daren Asabar. Ku gaisa da mai unguwa kafin ku zaro tef. Umarnin baki, ku roƙi a rubuta shi a fayil, cikin ladabi, ku kuma ajiye kwafi a gida.

An rufe ƙofar daga ƙarshe, aka bar ta don motar kashe gobara kawai. Ni na rubuta wannan shawarar, amma sunan wani ne a ƙasanta.