Furar da nake kai wa Baba

Baba na cikin wata na bakwai da fara wankin ƙoda sujada ta fara gagararsa. Kullum kukansa kwankwaso da gwiwa, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Da tsakar dare sai in ji shi yana goga bayansa a ƙyauren ɗaki. Mu duka gidan muka ce sanyin ƙashi ne na tsufa. Hajiya ta dage da shafa masa man zafi, ni kuwa na dage da abin da nake ganin yana gina jiki: kwanon fura da nono mai kauri da rana, kunun gyaɗa da madara da yamma.

Ran nan santsi ya kwashe shi wajen alwala. Bai ma kai ƙasa ba, bango kawai ya dafa, amma hoto ya nuna wuyan hannunsa ya tsage.

Likitar ƙoda ta duba takardar gwajin jini, ta tambaye ni abin da yake ci. Na lissafa mata ina jin kaina ɗa na gari. Ta ajiye biro.

"Malam, kullum kake ba shi wannan?"

"Kullum, likita."

Ta nuna min fosfet ɗinsa, wani sinadari da ke shiga jini daga abinci, ya haura 2, alhali na mai lafiya ba ya wuce kusan 1.5. Ta ce lafiyayyar ƙoda ita ke fitar da rarar fosfet ta fitsari, ita ce kuma ke gyara bitamin D har hanji ya iya tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. In ta gaza, fosfet ya taru, kalsiyam ya yi ƙasa. Sai wasu 'yan ƙulli huɗu da ke cikin wuya, parataroid, su yi ta sakin sinadarin da ke ɗebo kalsiyam daga ƙashi zuwa jini. Ƙashi ya yi ta rarakewa kamar azarar da gara ta shiga, abin da aka ɗebo kuma ya je ya daskare a jijiyoyin jini. Nono da madara kuwa cike suke da fosfet, wanki na awa 4 ba ya kwashe shi duka, balle mu da sau biyu a mako kuɗinmu ke kaiwa maimakon uku.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne batun ƙwayar kalsiyam. Tunda na ji sunan, na ɗauka maganin ƙarfin ƙashi ce, nake ba shi kafin ya kwanta. Ashe aikinta ta haɗu da abinci a ciki, ta kama fosfet su fita tare a bayan gida. Wata da watanni ina saye, tana shiga cikin da babu komai. Ko a kemis ba wanda ya taɓa faɗa min, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu kwalbar maganin a kan faifan tuwo take zama. Baƙin lemon kwalba da kayan gwangwani sun bar gidan, don su ma akwai fosfet a cikinsu. Nama da ƙwai dai likita ta ce kada mu kuskura mu hana shi, mai wanki yana buƙatarsu.

Ƙaiƙayin ya lafa bayan 'yan watanni, amma har yau a kujera yake salla. Ranar Juma'a nakan zuba masa ludayi biyu na fura. Yakan leƙa kwanon ya ce, "Auta, wannan sadaka ce ko ɗanɗano?" sannan ya miƙo hannu in ba shi ƙwayarsa.