Bonhomie ba kirki kaɗai ba ce

Yau wani ɗalibi ya fassara bonhomie da "kirki". Ya kusa, amma da saura. Asalinta bonhomme ne a Faransanci: bon, nagari, homme, mutum. Sai dai abin da take nufi shi ne fara'a da sakin fuska irin na mai farin ciki, wanda ba ya riƙe kowa a zuci. "Bonomi" ake furta ta, ba a jin h ɗin. A rubutu ake yawan tuntuɓe: bonhomme m biyu, bonhomie ɗaya, sai gyaran ƙa'idojin rubutun Faransanci na 1990 ya yarda a rubuta bonhommie da m biyu ita ma. Turanci ma ya aro ta yadda take.

A ƙarni na 14 kuwa, da raini manyan Faransa ke kiran manomi Jacques Bonhomme. Tun ɗazu manomin nan yake cikin zuciyata.