Wai memori ya cika

Yau kam da fara'ata na fito, ruwan daren jiya ya kwantar da ƙura, adaidaita ma ban jira ba, har ƙosai na tsaya na saya a bakin get.

Ko zama ban gama yi ba sai ga Oga a kaina, wai ya buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna abin da kowace manhaja ke ci, ya ga SQL Server, manhajar da ke riƙe da rumbun bayananmu, ta cinye kusan duk memorin saba, wato babbar kwamfutar da kowa ke aiki da ita, shi ya sa 'yan akawu ke ta ƙorafi komai na jan ƙafa, in kashe in kunna kawai. Na ce ranka ya daɗe ai haka aka gina ta, in ba a sa mata iyaka ba duk memorin da ta samu riƙewa take, kuma ba ɓarna ba ce. Bayanai shafi-shafi take ajiye su, kowane shafi 8KB, wanda ta ɗauko daga diski sai ta bar shi a bafa, wato ma'ajiyarta ta cikin memori, don kar ta sake komawa, kamar mai shago da ke jera kayan da aka fi tambaya a gabansa maimakon ya yi ta zarya sito. In aka kashe, duk wannan ya tafi.

Sai yaronmu mai bautar ƙasa ya sa baki, wai ai ma'aunin da ke nuna yawan abin da ake samu a bafa yana kan kashi 99, kenan lafiya lau. Na ji daɗi da ya san inda zai duba, amma wannan ma'aunin yana ruɗin mutane, don SQL Server na karanto shafuka tun kafin a nema, sai lissafin ya yi kyau alhali diski na shan wahala. Na buɗe musu PerfMon, manhajar Windows mai auna aikin kwamfuta, na nuna musu PLE, wato daƙiƙa nawa shafi ke yi a bafa kafin a kore shi. Tun safe ya faɗo ƙasa warwas, karatu daga diski ya yi sama. Wancan daƙiƙa 300 ɗin da ake ta cewa in PLE ya kai shi to lafiya, tun zamanin da saba ke da memori 4GB aka faɗe shi, bai kamata a ce har yau da shi muke auna tamu ba. Na leƙa sys.dm_os_buffer_descriptors, inda ake ganin shafukan da ke cikin bafa, teburin bayanai ɗaya ne ya mamaye wurin, rahoton ƙarshen wata ne ke karance shi kaf saboda babu indes, wato jerin da ke kai ta kai tsaye ga abin da ake nema.

Oga ya saurara har na gama, sannan ya ce “Malam, ni dai a kashe a kunna.”

Aka kashe. Rahoton ya mutu tare da ita, bayan ɗan lokaci komai ya saki, Oga ya leƙo ya ce “ka gani ko?” Wallahi wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yanzu, don yaron nan yana tsaye yana kallo, kuma abin da zai ɗauka kenan, in abu ya yi nauyi a kashe a kunna. Ga alƙaluman da ta tara a cikinta duk sun koma sifili, hujjata ta tafi.

Abincin rana ban ma ci ba. Uwargida ta kira kan maganar gas.

Kafin in tashi na saita PerfMon ya riƙa adana alƙaluman a fayil har gobe, don 'yan akawu za su sake tayar da rahoton nan da safe, kuma buƙatar indes ɗin a rubuce zan miƙa ta.