Wa zai je wurin Dauda?

Laraba, Garwa.

Zafin Afrilu ya tashe ni tun kafin asuba, sai na ɗauki Littafi Mai Tsarki na fito tsakar gida. Karatuna na yau 2 Sama'ila sura 11 ne. Na sha karanta ta, amma sai yau na lura a duk surar nan magana ɗaya tak Batsheba ta yi: "Ina da ciki." Sarki Dauda ne ya aika aka ɗauko ta. Sarki ne ya rubuta wasiƙa, mijinta Uriya ya kai takardar mutuwar kansa da hannunsa. Ita kuwa ta yi makokin miji, a sura ta 12 kuma jaririnta ya rasu rana ta bakwai.

Da la'asar, bayan taron zumuntar mata, na hau babur zuwa Yelwa duba wata 'yar ikilisiyarmu. Mijinta direban babbar mota ne, yana bin hanyar Ngaundere zuwa Kuseri. Wata biyar ke nan bai taka gidan ba, an ce ya ajiye wata a Marwa. Na same ta a kan tabarma da goyo, manyan yaran biyu an koro su daga makaranta saboda kuɗi.

"Mama, laifin me na yi?" in ji ta.

Na ce, "'Yata, ban zo neman laifinki ba."

Abin da ya fi ci mini rai, an biya sadaki, an yi biki, amma ba su taɓa zuwa ofishin magajin gari sun sa hannu ba. Kullum sai ya ce in ya dawo daga tafiya. A Kamaru, macen da ba ta riƙe da takardar aure tana shan wuya kafin hukuma ta saurare ta a matsayin matar wani. Yanzu dangin mijin sun fara zancen ɗakin da take ciki.

A taron ɗazu wasu sun ce ta ƙara haƙuri, wata har ta ce wataƙila ba ta iya riƙon miji ba. Na yi shiru, kuma shirun nan yana damuna har yanzu. Haƙuri na da kyau, ni ma shi ya riƙe aurena shekara 26. Amma da Ubangiji ya aiki annabi Natan, ba wurin Batsheba ya tura shi da wa'azi ba. Fada ya nufa, ya dubi sarki ya ce masa shi ne mutumin da ya yi laifin. Dauda ya tuba, Zabura 51 shaida ce, Allah ya gafarta masa, duk da haka takobi bai bar gidansa ba, har abin ya kai kan 'yarsa Tamar.

Ni da ita mun durƙusa mun yi addu'a, har mijin muka sa a ciki, don ransa ma yana cikin haɗari. Na bar mata tiya biyu ta gero.

Na kira matar fasto bayan cin tuwo. Gobe da safe za mu je wurin dattawan ikilisiya, mu tambaye su wanda zai hau mota zuwa Marwa.