Godiya ga Waɗanda Suka Fitar da Mu Daga Rikicin Lambar Lokaci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana ƙarshen aikin rubutun fassara, wanda ke bayyana a ƙasan hoto, na wani shiri mai tsawon minti 90, wanda muka miƙa wa wata tashar talabijin a Amurka a makon jiya, bayan kwana huɗu da muka kwashe muna neman inda matsalarsa ta ɓuya.

Tashar ta aiko mana da hoton da aka riga aka mayar firam 29.97 a daƙiƙa (firam shi ne kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyo), tare da jerin lambobin lokaci na kowace magana, masu nuna awa, minti, daƙiƙa da firam, ni kuma na rubuta wata 'yar manhaja da harshen kwamfuta na Python wadda za ta mayar da lambobin zuwa daƙiƙoƙi domin haɗa fayil ɗin SRT, wato mai ɗauke da rubutun fassara da lokacin bayyanar kowane layi. A farkon shirin komai yana tafiya daidai, amma kafin a kai tsakiya rubutun ya fara zuwa a makare, a ƙarshe kuwa sai mai magana ya rufe bakinsa kafin fassararsa ta bayyana, domin jinkirin ya haura daƙiƙa 5. Na zargi kwamfuta, na zargi manhajar kunna bidiyo, har na fara zargin waɗanda suka aiko da fayil ɗin, alhali kuskuren daga hannuna yake.

Godiyata ta farko tana ga babban yayanmu a wannan sana'a, injiniyan da ya daɗe yana aikin watsa shirye-shirye, wanda ya dubi lambobin sau ɗaya ya tambaye ni ko na lura da alamar da ke gaban lambar ƙarshe. Ban lura ba. Waƙafi mai ruwa ne a wurin maimakon ruwa biyu, kuma wannan alama ita ce shaidar cewa an ƙirga lokacin da tsarin tsallake lamba. Mu da muka saba da tsarin talabijin na PAL mai firam 25 cif, wanda ya dace da wutar lantarkinmu mai zagaye 50 a daƙiƙa, ba mu cika haɗuwa da wannan ba. Ya zaunar da ni ya bayyana cewa a 1953, lokacin da Amurka ta shigar da launi cikin tsarin talabijin ɗinta na NTSC, an ɗan rage gudun hoton daga firam 30 zuwa 30000 a raba da 1001, domin kada siginar launi ta yi karo da ta sauti, kuma tsofaffin akwatunan baƙi da fari su ci gaba da aiki. Tun daga nan duk wanda ya ƙirga firam talatin-talatin zai tarar agogon bango ya riga shi da daƙiƙa 3.6 a kowace awa. Maganin da aka samo shi ne a tsallake lambobi 00 da 01 a farkon kowane minti, ban da mintunan da suka faɗa kan goma-goma, wanda ya kama lambobi 108 a awa. Ba a cire ko firam ɗaya daga hoton, sunayensu kawai ake tsallakewa. Manhajata ta mayar da lambobin da aka tsallake cikin lissafi, wato 162 a minti 90, daidai da daƙiƙa 5.4 da suka hana mu barci. Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Godiya ta biyu ga mutanen da ban taɓa gani ba, masu kula da laburaren manhaja na OpenTimelineIO, kayan aikin da masu rubuta manhaja ke amfani da shi wajen tsara lokutan bidiyo, wanda kamfanin Pixar ya fara ginawa kuma yanzu yake ƙarƙashin Academy Software Foundation, kyauta ga duk mai buƙata. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne ba ya yarda a ajiye lokaci a matsayin lamba tsirara; sashensa na opentime yana riƙe adadin firam tare da gudunsa a wuri guda, ya kuma san ƙa'idar tsallaken. Da na jefar da lissafin da na ƙirƙira da kaina na miƙa masa aikin, layuka kaɗan suka maye gurbin shafi guda, rubutun ya zauna daram daga farko har ƙarshe. A ganina, girman kai ne kawai ya sa na rubuta nawa tun farko. Haka nan ina gode wa masu aikin FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, domin da kayan aikinta mai suna ffprobe muka tabbatar da ainihin gudun fayil ɗin.

Ina kuma gode wa ƙanwata a wurin aiki, wadda ta zauna da belun kunne ta bi shirin layi bayan layi har sau biyu don tabbatar da gyaran, da abokan aikinmu da suka jure fushina na waɗannan kwanaki, da iyalina da suka yi haƙuri da dawowata cikin dare. Ga jami'ar tashar da ta ƙara mana kwana biyu ba tare da ƙorafi ba, ina neman afuwa kan zargin da na yi musu a zuciyata. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, amin.