Naɗar karatun Malam daga allon kwamfuta: inda aka kwana a mako na bakwai

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu fama da koyon naɗar allo. Yau mako bakwai ke nan da na fara, kuma sai a daren Talatar da ta wuce na samu naɗin da Hajiya, mahaifiyata, ta saurara daga farko har ƙarshe ba ta kira ni da ƙorafi ba. Shi ya sa na zauna in rubuta muku tun abin bai fita daga kaina ba.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, ina tsaron shagon jallabiya da turare ne a Makka, wajen Misfala. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san bayan isha'i ciniki yake tashi, balle in masu umara sun cika gari. A daidai lokacin kuma wani malaminmu yake karatun fiƙihu da Hausa kai tsaye ta intanet, da an shafa fatiha sai ya sauke bidiyon. Ni ciniki ya hana ni, Hajiya kuma a Kano netwok ya hana ta. Ga shi muna gaban Najeriya da awa 2, ƙarfe 9 na darenmu ƙarfe 7 ne a can, ana tsakiyar hidimar tuwo. Kafin in taɓa komai sai da na sami Malam na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in riƙa naɗa ina tura wa mahaifiyata." Ya yarda, da sharaɗin kada in yayyanka maganarsa in watsa gunduwa-gunduwa. Ku ma ku riƙa tambaya. Karatun nasa ne.

Na fara da abin da ya zo a cikin Windows, wato Xbox Game Bar. Ka danna maɓallin Windows da Alt da R tare, naɗi ya kama. Ba laifi ga mai sauri, amma don masu wasan kwamfuta aka yi shi: manhaja ɗaya yake bi, kuma bai ba ni ikon da nake so a kan sauti ba. Kwana uku na yi da shi na koma OBS Studio. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, asalinta tun 2012 take. Ranar da na fara buɗe ta na ga akwatuna birjik, na kusa rufewa in haƙura. Ashe uku kawai mai irin aikina yake buƙata: inda ake zaɓar abin da za a ɗauka, inda sandunan sauti suke rawa, da maɓallin fara naɗi.

Kunyar farko a sauti na sha ta. Laftof ɗin a ƙarƙashin kanta nake ajiye shi, in kunna naɗi in ci gaba da ciniki. OBS tana da sanduna biyu, ɗaya ta sautin da ke fitowa daga cikin kwamfuta, ɗaya ta makirfo. Ni ban kashe ta makirfo ba. Na tura wa Hajiya da murnata, washegari sai ga kira: "Kai, wace ce wannan da kuka yi rabin awa kuna ja-in-ja a kan riyal biyar? Ni Malam na ce ka naɗo mini, ba cinikin abaya ba." Ƙugin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ma ya shiga, ya danne rabin bayanin alwala. Maganin dannawa ɗaya ne, ka taɓa alamar lasifikar da ke kan sandar makirfo ta yi ja. Sannan ka lura da sandar sautin kwamfutar. Kore ne daga ƙasa, ta koma rawaya, ta ƙare da ja. Muryar mai magana ta riƙa kai wa cikin rawaya. In tana zama a ja, sautin zai farfashe, kuma babu gyaran da zai dawo da shi.

Ta biyu ta fi ta farko. Na zaɓi ɗaukar dukkan allo, to duk abin da ya faɗo a kan allon ya shiga, har da saƙon uwargida na cewa in taho da burodi da laban. Allah ya taimake ni na duba kafin in tura. Yanzu taga ɗaya nake zaɓa, ta burauzar da karatun yake ciki, kuma ina kunna "kada a dame ni" na Windows kafin in fara.

Yanzu ga babban rashin da na yi, wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. OBS ɗin da na fara da ita a tsarin fayil na MKV take ajiye bidiyo in ba ka taɓa saitinta ba. Ni da wayona na mayar da shi MP4, wai don shi waya ta fi sani. A mako na uku, daren da Malam ya yi bayanin rabon gado, laftof ɗin ya ɗauki zafi a ƙarƙashin kantar nan ya mutu, saura minti kaɗan a tashi. Na kunna, ga fayil ƙato yana zaune, amma babu manhajar da ta iya buɗe shi. Dalili kuwa, MP4 na gargajiya sai a ƙarshen naɗi yake rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto da kowane sauti yake. In aka yanke shi kafin ya rubuta, kamar buhun takardu ne aka zube ba lambar shafi. MKV kuwa yana tafiya yana ajiyewa, in wuta ta ɗauke a minti na 70, kana da minti 70 ɗinka. Kuma wayon nawa ma ba shi da amfani tun farko, domin a cikin OBS ɗin akwai wurin da ake sauya wa MKV riga ya koma MP4 cikin daƙiƙu, ba tare da hoton ya ragu ba. Na bi mutum huɗu da suka halarci karatun, babu wanda ya naɗa.

Zafin ma na bi sawunsa. Matse bidiyo aiki ne mai nauyi, kuma na bar shi a kan x264, wanda kacokan yake ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Nawa laftof ɗin na Intel ne, sai na koma Quick Sync, sashen da aka gina musamman don wannan aiki. Masu katin hoto na Nvidia nasu NVENC ne. Fanka ta daina ihu. Na kuma fito da shi daga ƙarƙashin kanta, na ɗora a kan murafun kwalba huɗu iska tana ratsawa, na hana shi barci in yana jone da caja. Zafin Makka ba ya wasa da mutum, balle na'ura.

Abin da ya fi cin mini lokaci kuwa, kuma shi na fi so mu tattauna, girman fayil ne. Da na fara ganin hoto yana fita tas sai abin ya shiga kaina. Na sa ingancin hoto a 1080, firem (wato hotuna) 60 a daƙiƙa, yawan data kuma kilobit 6000 a daƙiƙa. Ku yi lissafin da ni ban yi ba: kilobit 6000 sau daƙiƙa 3600, a raba da 8, ya ba ka gigabait 2.7 a awa ɗaya. Karatun awa ɗaya da rabi ya haura gigabait 4. WhatsApp gigabait 2 yake karɓa in ka tura a matsayin takarda, saboda haka ko tafiya bai yi ba. Ko da ya tafi, da wace datar za a sauke shi? Ni ina nan da wayifai na shago, na manta cewa a can ƙanwata ce take sayen data da kuɗin cefane.

Sai na tsaya na kalli abin da nake naɗa ɗin. Dattijo ne a zaune da littafi a gabansa, motsinsa bai wuce juya shafi da gyara tabarau ba. Firem 60 na masu ƙwallo ne da tseren mota. Na sauko 30, na rage allon zuwa 720, kilobit 1000. Awa ɗaya ta dawo megabait 450, in an haɗa da sauti ta doshi 500. A allon waya babu mai gane bambanci. Wani abin da na gano a hanya shi ne naɗi ba ya fin abin da ya shigo kyau. In intanet ya yi rauni bidiyon ya sauka 360, to 360 ɗin ka naɗa ko me ka saita, kuma in ya tsaya yana juya zoben nan, zoben ma ya shiga. Don haka yanzu da hannuna nake tsayar da ingancin bidiyon a 720, ba na barin shi ya zaɓa wa kansa.

Ina ta taƙama da megabait 500 ɗina, sai na tambayi Hajiya ko hoton ya yi mata. Ta ce, "Wane hoto? Ni a kan tabarma nake kife wayar ina tsince shinkafa." Mako biyar ina gyaran abin da ba a kallo! Daren nan na buɗe VLC, manhajar kunna bidiyo, na cire sautin kaɗai. A kilobit 64, murya tana fita sarai, awa ɗaya ba ta kai megabait 30 ba. Shi ne na Talatar da na faɗa muku. Bidiyon ina ajiye shi don kaina, saboda wani lokaci Malam yana ɗaga allo ya zana lissafin gado, wannan dole sai an gani.

Wani ƙanena a nan da ya ga na fara iyawa ya kawo mini nasa aikin, wai in naɗo masa wani shiri daga manhajar da ake biyan kuɗi. Muka gwada, sauti yana fita, hoto baƙi ƙirin. Ya ɗauka na lalata wani abu ne. Ba lalacewa ba ce, kulle ne aka sa da gangan. Irin su Netflix suna amfani da tsarin kare haƙƙin mallaka, Widevine na Google da PlayReady na Microsoft da FairPlay na Apple, kuma aikinsu ke nan su hana kwafa. Na ce masa mai abu ya rufe ƙofarsa, ni ba zan haura katanga ba. Amma ku bambance wannan da baƙin allon da ke zuwa a bidiyon da ba a kulle ba. Shi galibi a laftof mai katin hoto biyu yake faruwa, in OBS tana kan ɗaya allon kuma yana kan ɗayan, kuma a saitin hoto na Windows ake daidaita su.

Al'adar da na ɗauka yanzu, minti goma kafin karatu ina naɗar daƙiƙa 30 in saurara da abin kunne. Sau biyu ta cece ni, ɗaya na tarar burauzar a kurmance, ɗaya kuma faifan ya kusa cika.

Abin da ya rage mini shi ne tsayar da naɗin. Ran Alhamis mutane suka cika shago na manta, na naɗi awa biyu na allon da babu kowa. A cikin OBS akwai agogon da ake saita wa lokaci ya tsayar da naɗi da kansa, zan sa masa awa ɗaya da minti 45 a karatu mai zuwa in ga yadda zai yi. Hajiya kuma ta ƙaro aiki: maƙwabtanta biyu sun ji, suna so. Gobe bayan la'asar zan koma wajen Malam, domin izinin da ya ba ni na mutum ɗaya ne.